Kujerar Hawa na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Baba Tela ya yi a kan keken ɗinki. In aka ce ya riƙa motsa jiki, sai ya nuna ƙafarsa ta dama ya ce ta yi tafiyar da direban babbar mota bai yi ba. Ya manta tun shekara takwas da suka wuce ya sa wa keken injin lantarki. Tumbi kuwa bai taɓa damunsa ba. Da wando ya matse shi sai ya farke ya ƙara masa faɗi, ya ce wa matarsa yadin zamani ne ba shi da kirki.

Asirinsa ya tonu lokacin da babbar 'yarsa ta haihu. A hawa na huɗu take zaune, matakala sittin da huɗu. A hawa na biyu numfashi ya gagare shi, ya zube yana haki, sai saukowa aka yi da jaririyar aka nuna masa. Tun daga ranar, duk Asabar 'yar takan ajiye masa farar kujerar roba a wurin, ta sauko da yarinyar. Yana dariya yana wasa da jikarsa, amma abin yana ci masa rai. Shi ya ɗinka labulen ɗakin yarinyar, shuɗi mai ƙananan taurari, kuma bai taɓa ganinsa a rataye ba.

Wata Litinin da asuba ya ɗaura takalmi, ya jefa allin ɗinki a aljihu.

"Malam, ina zuwa haka? Wa za a auna?" in ji matarsa.

"Ni za a auna."

Dabararsa ta teloli ce. Ya bi titi yana tafiya da sauri, inda ya gaji ya ja layi a jikin turken lantarki, gobe sai ya wuce layin ko da taku biyar ne. Ranar farko a turke na uku ya ja, daidai gidan burodi. Mai burodi ya leƙo ya ce, "Baba, turken ma riga za a ɗinka masa?"

Haka ya yi ta yi, yau gwiwa ta yi ƙara, gobe ta haƙura. Cikin mako na bakwai aka kwana ana ruwa. Ya fito da safe yana duba turaku, babu layinsa, ruwa ya wanke. Shi kuwa mutum ne da ba ya yanka sai ya ga alli. Ya ci gaba da tafiya yana cewa layin yana gaba, yana gaba. Bai ankara ba sai ga shi a kan gada, wurin da bai taɓa zuwa ba sai a mota. Ya tsaya ya saurari ƙirjinsa, lafiya lau. Dariya ta kama shi shi kaɗai, har masu shara suka juyo suna kallonsa.

Ranar Asabar ya sa wandon da ya rage wa faɗi da hannunsa. A hawa na biyu ya tarar da 'yarsa tana jira, yarinya a kafaɗa, kujera an goge ta.

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna ka huta."

Bai zauna ba. Ya ɗaga kujerar ya saɓa a kafaɗa.

"Baba, ina za ka kai ta?"

"Gidanku. Ta daɗe a waje."

Ya hau yana ƙirga, tana biye da shi tana kiran "Baba, a hankali!" A matakala ta sittin da huɗu ya yi sallama da cikakkiyar murya, ya shiga ya ajiye kujerar. Labulen na nan, iska tana kaɗa shi. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko don daɗi. Sai ya kama bakin labulen ya juya.

"Wa ya rataye shi a karkace? Miƙo mini kujerar nan in hau."