Jirgin Kawu Sada Yana Sama

Duk wanda ya san Kawu Sada a Kurfi ya san ba ya tayar da jirgi sai ya yi sallama da iyalinsa. Kowace Alhamis bayan la'asar zai gyara hularsa, ya leƙa madafa ya ce wa matarsa, "Hanne, zan tahi. In na yi maki laihi ki yahe mani." Inna Hanne ko ɗagowa ba ta yi daga kan tukunya, sai ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Daga nan ya yi taku biyar ya shiga ɗakinsa, ya karanta addu'ar tafiya, ya kunna kwamfuta. Iyakar tafiyar ke nan fa!

Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon makanikin tarakta. Bayan ya yi ritaya ɗansa ya aiko masa da kwamfutar don ya riƙa sauraron karatu. Karatun ya saurara, amma ni, Lawal, ni na yi kuskuren nuna masa wasan jiragen yaƙi na dā, wanda mutane daga ko'ina a duniya suke haɗuwa ta intanet suna harbin juna a sama. Ya zaɓi jirgi mafi tsufa, mai fanka a hanci, ya raɗa wa kansa suna Shahon Kurfi.

Sai dai wannan shaho ba ya sauri. Samarin Dutsin-Ma da suke wasan tare da shi har kuka suka kawo mani, wai ana tsakiyar yaƙi shi yana can baya yana lallaɓawa. Na ce, "Kawu, ka ƙara wuta mana!"

Ya ce, "Kai ka sayi man?"

"Kawu, man nan fa na ƙarya ne."

"Inji dai ba na ƙarya ba ne, ina jin kukanshi. Shekara talatin ina cikin inji, ba a taɓa kawo mani wanda lallaɓawa ta kashe ba."

Babbar dokarsa kuwa ita ce ba a barin jirgi a sama. Wata rana da rana tsaka sabis ya ɗauke a Kurfi yana cikin tashi. Sai ga Kawu a ƙofar shagona a Dutsin-Ma, a kan tsohon babur ɗinsa, ya goya kwamfuta a baya da zanen Inna kamar jariri. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Matsa, jirgina na sama." Na yi masa bayani cewa da sabis ya yanke, jirgin ya ɓace, babu komai a can. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ya ɓace ina? Abin da ya tashi bai sauka ba, yana nan inda ka bar shi." Haka ya sake tayar da shi, ya zagaya sau ɗaya, ya sauke shi, sannan ya nemi ruwan sha.

Akwai kuma wani matuƙi da suke tashi tare kowace Alhamis. Sunansa da wasu baƙaƙe yake rubuce waɗanda babu mai iya karanta su a cikinmu, don haka Kawu ya sa masa Maƙwabci. Ba su taɓa yin magana ba. In sun haɗu a sama, wannan ya karkata fikafikansa sau biyu, wancan ya mayar, shi ke nan an gaisa. Wata Alhamis cikin daminar bara Kawu ya fito daga ɗaki jikinsa a sanyaye ya ce, "Maƙwabci ya rasu."

Na ce, "Haba Kawu! Ba yanzun nan na ga kuna tashi tare ba?"

"Jirginshi ne, amma hannun ba nashi ba ne. Gaisuwar ta yi laushi."

"To me ya sa kake amsawa?"

"Sai in ƙi gaishe shi don ya mutu?"

Dariya na yi har da riƙe ciki. Amma a hanyar komawa gida, na zo wajen Birchi, sai na ji tsikar jikina ta tashi haka kawai.

Ciwon ajali ranar Alhamis ya same shi, yana tsakiyar tashi. Inna ta ji inji yana kuka babu tari, babu gyaran murya, ta shiga ta tarar da shi a kife a kan tebur. A asibiti a Dutsin-Ma ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya kama hannuna ya ce, "Lawal, ka sauke mani shi." Na ce to. Da safiyar Juma'a ya cika.

Ban sauke ba. Gaskiya tsoro nake ji, kuma ni duk tsawon wasana ban taɓa sauke jirgi da ƙafafunsa ba, kullum da hanci nake shiga ƙasa. Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ta ce, "Ina jin shi. Duk Alhamis bayan la'asar yana zagaya gidan ga." Na ce mata injin niƙan maƙwabta ne. Ta ce, "Shekara nawa ina jin injin niƙa? Na yahe mashi, na yi mashi addu'ar hanya, amma bai dawo ya ce mani ya sauka ba." Ta rame, abinci ma ta daina ci sosai.

Alhamis ta gaba na buɗe ɗakin. Tabaransa yana nan a kan tebur inda ya faɗi. Ina kunna wasan wayata ta ɗauki ƙara, wani daga cikin samarin Dutsin-Ma ne: "Malam Lawal, innalillahi! Shahon Kurfi ya shigo!" An ce biyu daga cikinsu a guje suka bar shagon da suke wasa, ɗaya ko takalmi babu.

Na tayar da jirgin. Ina ratsa gajimare sai ga Maƙwabci yana zagaye a kan filin sauka, shi kaɗai. Ya karkata fikafikai sau biyu. Wallahi sai da na waiga bayana. Na mayar masa da gaisuwa a karkace. Sai ya matso kusa, ya shiga gabana, ya rage gudu, ya dinga yin ƙasa a hankali. Na bi shi, na rage wuta yadda Kawu yake yi, ina lallaɓa injin. Ƙafafun suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle sau uku, ya tsaya.

Sai saƙo ya shigo, na farko a duk shekarun nan. Na sa waya ta fassara mani shi. Mace ce, 'yar Maƙwabci. Ta ce wannan ba hannun abokin babanta ba ne, ko lafiya? Ta ce babanta ya rasu bara, a watan da Kawu ya faɗa, kuma ya roƙe ta kada ta bar abokinsa yana zagaye shi kaɗai.

Na rubuta mata cewa abokin babanta ma ya rasu. Sannan na fito tsakar gida, injin niƙan maƙwabta yana ta kukansa, na tsaya a ƙofar madafa na ce, "Inna, ya sauka."

Ta kasa kunne, ta ce, "Na ji. Ya daina." A ranar ta cinye tuwonta.

Allah ya ba wannan baiwar Allah haƙurin rashin mahaifinta. Kai kuma Kawu, ba ka taɓa fita ba ka nemi gafara ba, mun yafe maka duniya da lahira. Allah ya jiƙanka, ya sa ka sauka lafiya.