Ƙafar Daman Orville

Yayana Orville Brekke direban motar madara ne. Duk shekara yana zagaya gonakin shanu na arewacin Wisconsin yana kwaso madara, amma da zafi ya shigo aka rufe makarantu sai ya ɗauki hutu ya koma tuƙa motar kayan badujalar garinmu, Shahohin Tafki. Shi ke loda ganguna da begiloli da tutoci, shi ke saukewa, shi ke cika wa yara jarkokin ruwa. Ni kuwa ɗinki nake musu, wandon da ya yage da maɓallin da ya tsinke duk nawa ne. Saboda haka duk inda aka je gasa muna tare, kuma duk kunyar da ya jawo da ni ake rabawa.

Tun yana yaro yake son ganga. Malamin kiɗa na wancan zamani, mutum mai tausayi, ya saurare shi kaɗan, ya karɓe sandunan a hankali, ya ce hannunsa ya yi wa ganga ƙarfi, ya ba shi tuta ya riƙe. Orville ya ɗauki maganar nan yabo, ya riƙe ta har furfura. Kiɗan da aka hana hannunsa sai ya gangara ƙafarsa ta dama. Ko a coci aka tada waƙa za ka ji benci yana rawa, kuma ba da waƙar yake tafiya ba. Kowa a garin ya sani, babu wanda ya taɓa gaya masa, don mutum ne da zai fito cikin ƙanƙara ya janyo maka mota daga rami, ya tafi ko kofi bai sha ba.

Dokar gasa kuwa ba ta san kirki ba. Da yara sun shiga fili an busa usur, mu masu hidima sai mu tsaya bayan farin layi kamar an dasa mu. Ba ihu, ba ɗaga hannu, ba wani motsi da zai nuna wa yara inda kiɗa yake, in ba haka ba a zaftare wa ƙungiya maki. Shugabanmu Mista Pawlak ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya taɓa ba Orville bokiti cike da ruwa ya riƙe, ruwan ya ƙare a takalmin Pawlak ɗin. Ni ma na taɓa take wa Orville ƙafar tun daga farkon wasa, sai ta hagu ta karɓa, da na danne ta hagun sai gira ta ɗauka. Daga ƙarshe muka zuba masa ido, tunda alƙalan yankinmu duk sun san shi, kau da kai suke yi.

Shekarar da 'yarsa Annika ta kai shekarun daina wasa, sai aka kawo sabon alƙalin layi daga wata jiha, wani dogo mai suna Mista Engstrom. Annika ƙaramar ganga take kaɗawa, kuma ita ce ta tsakiya, wadda sauran ke bi. Ranar jajibirin wasan ƙarshe muna fitowa daga fili Engstrom ya kira Pawlak, ya ce an cire mana maki, kuma mutumin nan mai jar hula ba zai tsaya gefen fili gobe ba, don ya gan shi ƙiri-ƙiri yana ba makaɗa lokaci da ƙafa. Ma'ana wasan Annika na ƙarshe a duniya, ubanta daga wurin ajiye motoci zai saurare shi, ta bayan katanga.

Na same shi zaune a bakin mota, ido ya yi ja, amma sai wani murmushi yake ɓoyewa.

"Marlys, kin ji dai abin da ya ce? Ina ba su lokaci. Alƙali guda, daga wata jiha, kallo ɗaya ya gane."

"Na ji. Ka kuma ji ya ce gobe a mota za ka zauna?"

Murmushin ya ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san da wa zan fara ba, da shi ko da dogon. Na soke allurata a ƙirjin riga na nufi rumfar alƙalai, Orville da Pawlak suka biyo ni, Annika ma ta taho da gangarta a rataye.

"Mista Engstrom," na ce, "mutumin da ka hukunta yayana ne, ciki ɗaya. Tun muna yara ban taɓa ganin ƙafarsa ta haɗu da kiɗa ba, ko bisa kuskure. In lokaci yake bayarwa, to na wata waƙa ce da ba a rubuta ba tukuna."

Na ji Orville ya ja numfashi a bayana, ban waiwaya ba. Engstrom ya ce ba ya aiki da shaidar dangi, sai dai a gwada a gabansa. Pawlak ya matso kunnen Orville, a zatonsa raɗa yake yi.

"Orv, ka ɓata shi da gangan, ka ji?"

"Ba zan yi wa alƙali ƙarya ba," in ji Orville. "Iyakar iyawata zan yi, in ya kore ni ya kore ni. Annika, ba ni."

Annika ta fara kiɗa mai sauƙi, irin wanda ake koya wa sababbi. Orville ya gyara hula, ya rufe ido, ya sa ƙafa. Ban taɓa ganin ya dage kamar ranar ba, har gumi yake. Wani bugun ya riga ganga, wani ya zo bayan ta wuce, wani kuma ban san inda ya nufa ba. Engstrom ya fara ƙirga da biro a tafin hannu, can sai na ga biron ya bar Annika ya bi Orville, ya rasa shi, ya dawo ya rasa Annika. Ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Malam, da gangan kake yi?"

"Wane irin da gangan?"

Engstrom ya daɗe yana kallonsa. Ya ce zai mayar mana da makinmu, kuma gobe Orville ya tsaya inda ya ga dama, wannan ƙafar ba ta taɓa taimakon kowa ba. Pawlak har rungume alƙalin ya so yi. Orville ya dube ni, ya dubi Pawlak, ya ga babu wanda ya yi mamaki. Ya koma mota. Na kai masa burodi da tunkuzar gyaɗa, ya ce ya ƙoshi, shi da ke cin na mutum uku. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma ban yi nadama ba.

Washegari da la'asar, yara na jere a bakin ƙofar fili, Orville ya tsaya bayan layi ƙafafu a haɗe, hannu a aljihu, ko hular bai sa ba. Annika ta fita daga sahu ta zo.

"Baba, meye haka kamar turken waya?"

"Je ki yi wasanki. Na daina ba ku kunya."

"To ni ka kashe ni. Tun da na fara, ƙafarka nake kallo. Duk sa'ad da sandata ta sauka tare da ita, na san na kauce, sai in gyara."

"Sun taɓa sauka tare?"

"Sau ɗaya. Ranar da muka zo na ƙarshe."

Ya zaro hular daga aljihu ya kafa.

"Marlys, ashe dai ina taimakawa. Anya ba sai na gaya wa alƙalin ba?"

"Buɗe bakin ka gani. Zare da allura suna jikina."

Aka busa usur, ƙafa ta kama aiki, Engstrom ya juya mana ƙeya don kada a sake rikita shi. Na uku muka zo, wanda ba mu taɓa kaiwa ba, amma ni ban ga rabin wasan ba saboda hawaye.

Al'ada ce duk wanda ya yi wasansa na ƙarshe ya tuɓe takalmansa ya bar su a fili. Annika ta ajiye nata a tsakiya. Orville ya jira har alƙali ya ba da izini, ya ƙetare farin layin nan da bai taɓa ƙetarewa ba, ya kwance takalminsa na dama ya ajiye kusa da nata. Makaɗa suka tada kiɗan fita, ya juyo yana ɗingishi, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya safa. Ɗingishin nan kuwa sai ya zauna daram a kan ganga, taku bayan taku, har bakin layi. Annika ta damƙe hannuna, fuska jage-jage.

"Anti, kada ki gaya masa," ta ce. "Ganga zai nema."