Ƙarfen Matakalar Gidan Likita

Mma Abiba ba ta taɓa son gidan ba, ko na rana ɗaya, amma shekara ashirin da huɗu ta yi tana goge shi. Daga Nima take fitowa da sassafe, ta hau motar haya ta trotro zuwa Ridge, ta sauka a bakin gidan da 'yan unguwarsu ke kira Mai Ƙafafu. Wani Bature ne ya zana wa wani likita shi tun lokacin samun 'yanci: akwatin siminti fari fat, an ɗora a kan ginshiƙai shida, ƙarƙashinsa iska ce kawai ke wucewa. Ba zaure, ba tsakar gida, gilashi tun daga ƙasa har rufi. Ɗaliban zanen gini kan cika bas daga Kumasi su zo su tsaya baki buɗe. Ita kuwa abin da ta sani shi ne kowane gilashin nan sai ya sha tsumma.

Abin da ɗaliban suka fi ɗauka a hoto shi ne matakalar falo. Allunan siminti goma sha tara suka fito daga jikin bango, kowanne zaman kansa yake, ba abin da ya tokare shi, ba abin riƙewa a gefe. Wai kyanta ke nan. Wanda ya zana ta dai, da gani bai taɓa rainon yaro ba.

Wata safiyar Talata a 1979, Abiba ta zo aiki da 'yarta Zuera mai shekara uku, don maƙwabciyar da ke riƙe mata ita ta tafi suna. Ta zaunar da ita a falo da ƙosai a hannu, ta shiga kicin tara ruwa. Bokitin bai cika ba ta ji ƙarar. Likita yana gida, ya yi iya yinsa. Kafin la'asar an kai yarinyar makwancinta.

Mijinta Ishawu mai walda ne a Abossey Okai, mutum marar yawan magana. Bayan sadakar bakwai ya ɗauko injinsa da tsofaffin bututun ruwa, ya shiga gidan bai nemi izinin kowa ba, ya kafa ƙarfe daga matakin farko har na ƙarshe. Aikin bai yi kyau ba, gaskiya. Waldar duk ta yi ƙulu-ƙulu. Likita ya tsaya yana kallo, bai hana shi ba. Daga ranar ɗalibai suka koyi karkata kyamara don kada ƙarfen ya ɓata musu hoto.

Mutanen Nima sun yi mamakin komawarta aiki, har ƙanwar mijinta ta ce zuciyarta dutse ce. Ƙarya take yi mata. Kullum da faɗuwar gaba take shiga falon. Sai dai wani lokaci, tana goge-goge a sama da rana tsaka, takan ji 'yan takun ƙafa marasa takalmi a kan siminti, ta leƙo, ba kowa. Ba ta taɓa gaya wa malam ba, don kada ya ba ta rubutun da zai kore su.

A 1997 likita ya rasu, Ishawu kuwa ya riga shi da shekara biyu. 'Ya'yan likitan suka aiko daga London cewa a mayar da gidan yadda Baturen ya zana shi, a buɗe wa masu ziyara, har da 'yan makaranta. Takardun zanen asali gara ta cinye. Sai wani ofishin zanen gini a Adabraka ya ba wata ma'aikaciyarsa aikin, Ikilima, 'yar Maamobi. Ta auna gidan lungu-lungu, ta sake gina shi a cikin kwamfuta, kuma abin da kwamfutar ta fitar shi magina za su bi. Da ta rasa mai tuna yadda gidan yake a da, ta je har Nima ta ɗauko Mma Abiba a tasi.

Ofishin sanyi kamar cikin firji. Ikilima ta ja mata kujera, ta motsa wani ɗan abu a kan tebur, sai ga Mai Ƙafafu a gilashin kwamfuta, yana juyi a cikin baƙin sarari, ba ƙasa, ba bishiya, ba inuwa.

"Ei! Wa ya sa shi ciki?" in ji Mma Abiba.

"Ni, Mma. Mu shiga ki nuna mini."

Suka shiga ta cikin bango, ba ta ƙofa ba. Tsohuwa ta saki jiki, har da faɗa. Bangon nan babu shi a da, madam, matar likita, ce ta sa aka yi. Daɓen kicin ja ne, ba toka-toka ba. Ikilima na gyarawa tana dariya. Sai suka iso falo, ga matakala, ga ƙarfen Ishawu, kwamfuta ta miƙar da shi sumul yadda bai taɓa zama ba.

"Wannan kam na san ba na asali ba ne," in ji Ikilima. "Wani fita ne, irin masu haɗa ƙarfen nan, ya liƙa. Oga ya ce Litinin za a yanke."

Ta danna, ƙarfen ya ɓace.

Shekara goma sha takwas rabon Mma Abiba da ganin matakalar nan tsirara. Ga ta nan yadda take a safiyar Talata, gefenta a buɗe, ƙasanta fili. Kunnenta ya ɗauki ƙarar ruwa na zuba a bokiti. Ta kama bakin tebur da hannu biyu.

"Mma? Lafiya?"

Ba ta taɓa ba da labarin da bakinta ba, ko ga Ishawu, don shi wasu ne suka gaya masa. Yanzu ta ba da shi ga 'yar da ba ta sani ba, idonta a kan gilashin. Ta faɗi sunan yarinyar, da shekarunta, da ƙosan.

"Ba fita ba ne, ɗiyata. Ubanta ne. Kun ce yaran sukul za su zo. Yaro ba ya ganin kyau, gefe kawai yake gani ya je."

Ikilima ta juya ga kwamfutar. Sannan ta danna abu ɗaya, ƙarfen ya dawo wurinsa.

"Haka zan fitar da takardan, Mma. In oga na so a yanke, ya cire da hannunsa, amma sai ya ji daga bakina tukuna."

Mma Abiba ta gyaɗa kai. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin, tana duban yatsan Ikilima da ke kan maɓalli.

"Yaya kika yi ya dawo?"

"Wannan na danna. Yana mayar da abu baya. In ka yi kuskure, sai ya koma kamar ba a yi ba."

"Kowane kuskure?"

"Kowanne."

 Da tsohuwa ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa sosai, har sai da Ikilima ta sunkuyo.

"Har ina yake iya komawa?"

 Ikilima ta ɗauke hannunta daga kan maɓallin.

"Safiyar yau kawai, Mma."