Sunan Ɗan Fari a Ofishin Biza

Saura kwana uku bizarmu ta ƙare aka rufe hanyoyin mota da ke fita daga Hartum saboda kwalara. A lokacin ina aiki a gidan rediyo, kuma kafin mu taso daga gida na yi makonni ina karanta labarin cutar da bakina: ta shiga ƙasa kaza, ta tsallaka ƙasa kaza. Amai da gudawa muke ce mata a labarai. Ban taɓa kawo wa raina za ta tsare ni a ƙasar wasu da tsoho a hannu ba.

Mahaifina manomi ne a Gwaram. Wansa ya tafi Makka a ƙasa tun ba a haife ni ba, ya maƙale a wani garin noma a Sudan, ya yi iyali a can. Baba ya ce yana so ya gan shi kafin ɗayansu ya rigaya, na ɗauki hutu na raka shi. Bizar wata ɗaya aka ba mu. Mun yi mako biyu a wurin wan nasa, a hanyar dawowa muka tsaya a Hartum, wani likita ya duba Baba ya ce yanar idonsa ta isa cirewa. Aka yi aikin, aka naɗe idanun duka biyu. Likita ya kafa sharaɗi: ba sunkuyo, ba jirgi, ba mota mai jijjiga, sai bayan mako uku. Salla ma da ishara yake yi, a zaune.

Ni nake dafa masa ruwan sha, ni nake wanke kwano da ruwan zafi, ni nake sa masa abinci a hannu. A masaukinmu an riga an fitar da mutum biyu a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Wanda ba ya gani, duk abin da aka miƙa masa shi zai kai baki. Dangin wansa kuwa ba su da hanyar zuwa.

Dokar da aka liƙa a ƙofar ofishin shige da fice gajera ce. Baƙon da ya fito daga ƙasar da cutar ta shiga ba za a ƙara masa wa'adi ba, sai majinyaci da mai jinyarsa guda, kuma mai jinyar ya zama ɗansa, ko matarsa, ko ɗan'uwansa na jini. Sauran a sa su a jirgi, ba dawowa sai an janye dokar. Na karanta sau biyu, na ga ba mu da matsala.

Da safe na riƙo hannun Baba muka je. A bakin ƙofa akwai daro cike da ruwan magani, kowa sai ya tsoma hannu. Muka bi layi har rana ta take. Jami'in da muka samu siririn mutum ne mai tsabta, ba ya ɗaga murya. Ya duba takardar likita, ya duba katinmu na rigakafi mai ruwan ɗorawa, ya buga wa fasfon Baba hatimi nan take. Sannan ya buɗe nawa, ya ajiye su gefe da gefe, ya daɗe yana kallo.

Da Turanci ya tambaye ni me ya haɗa ni da tsohon. Na ce mahaifina ne. Ya juyo da fasfunan ya nuna mini da alƙalami. Sunan ƙarshe na Baba, Gwaram. Nawa, Birnin Kudu. Ya ce a wurinsu mutum na ɗauke da sunansa, da na ubansa, da na kakansa, amma shi bai ga kalma ko ɗaya da ta haɗa littattafan nan biyu ba.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Waɗannan ba sunayen mutane ba ne, garuruwa ne. Ranar da aka sa ni makaranta ina zaune a gidan kawuna a Birnin Kudu, malamin da ke rubuta rajista ya tambayi daga ina, ya rubuta garin a bayan sunana, haka ya bi ni har fasfo. Shi ma Baba akawun fasfo garinsa ya rubuta masa. Jami'in ya saurara har na gama. Ya ce a makon nan ya ga 'ya'ya da yawa da aka haifa a bakin ƙofar ofishinsa. Na ce zan faɗi sunan mahaifina da na kakana. Ya ce ni nake riƙe da fasfon tun daga gida, ba abin mamaki ba ne in na haddace.

Ya aika aka kira masinjan ofis, wani dattijo Bahaushe haifaffen can, ya yi tafinta. Jami'in ya ce tsoho ba ya gani, ba ya kuma karanta boko, saboda haka a tambaye shi sunan ɗansa. Ni kuma in ja baya, in rufe bakina.

A nan matsalar take. Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifin Baba aka sa mini. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai kira ni, "kai" ne. In zai yi zancena, "yaron nan" ne, ko "na wajen rediyo".

Masinja ya durƙusa ya ce, "Baba, wai ka faɗi sunan wannan da ya kawo ka."

Baba ya ce, "Ai yaron gida ne."

Da aka fassara, jami'in ya ɗago kai. Yaron gida a kunnensa bara ne. Masinja ya gane ɓarnar, ya shiga yi masa bayani da Larabci mai sauri, ina tsintar kalmar kunya da kalmar al'ada. Jami'in ya ce bai raina al'adar kowa ba, amma ba al'ada zai rubuta a fayil ba. A sake tambaya.

"Mai sunan Malam ne," in ji Baba. "Ka gaya masa sunan mahaifina gare shi."

"To, mene ne sunan mahaifin naka, Baba?"

Baba ya shiga jan carbi. Mutanen da ke bayanmu suka fara tsaki. Jami'in ya jira iyakar abin da zai iya, sannan ya rufe fasfona, ya ɗora shi a kan wani tarin da ke hagunsa. Na san tarin, tun safe nake kallon inda masu shi suke nufa: benci, a gaban ɗan sanda.

Masinja ya matsa kusa da kunnen Baba. Bai roƙe shi ba. Ya ce, "Alhaji, sun ɗauke takardarsa. Jibi za su sa shi a jirgi. Kai za ka zauna, shi zai tafi, ruwan da za ka sha kuma sai wanda Allah ya kawo."

Baba ya miƙa hannu yana laluben inda nake, bai same ni ba, don an matsar da ni. Hannun ya tsaya a iska. Sai ya faɗi sunan, ƙasa-ƙasa. Jami'in ya ce bai ji ba. Baba ya gyara zama ya sake faɗa da ƙarfi, har na ƙarshen layi suka ji, ya ƙara da cewa ɗansa ne na cikinsa, ranar kasuwar Gwaram aka haife shi, ana cirar gyaɗa.

Jami'in ya zaro fasfon daga tarin, ya duba shafin farko, ya buga hatimi. Kwana ashirin da ɗaya. Ya ce wa masinja ya ba tsoho haƙuri.

Muka fito ina ja masa gora a hankali, ina gaya masa inda matakala take. Muka sauka. A inuwar wata bishiya ya tsaya, ya ƙara damƙe hannuna, ya juyar da fuskarsa gefe kamar mai gani.

"Kai," ya ce, "in mun koma gida, ba sai uwarka ta ji wannan ba."