Kajin da Muka Tsallakar ta Katanga

Shekarun baya, lokacin da fari ya kama ƙasa kuma soja ke riƙe da mulki, ina saurayi ina koyon ɗinki a kasuwar Wadata. Ni da mahaifiyata kaɗai ne a gida. Maƙwabcinmu ma'aikaci ne a wani rumbun hatsi, duk unguwa Mushe muke ce masa, wato Malam da Faransanci. Wata safiya motar soja ta zo ta tafi da shi, wai za a yi bincike. Kafin azahar matarsa ta kwashi yara ta nufi gidan iyayenta a Tawa. Aka garƙame gidan, aka ajiye soja ɗaya da bindiga a bakin ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki, na dawo cin abincin rana na tarar da mahaifiyata ta kara kunne a katanga.

"Zo ka ji," in ji ta. "Kajin baiwar Allah nan ne. Ko kuka ba su iya yi."

Na taka turmi na leƙa. Akurki a ɗaure da igiya, kaskon ruwa ya bushe ƙayau. Ɗaya ta riga ta mutu, sauran sun kwanta baki buɗe, gashinsu ya zube.

"Tsallaka ka ɗauko su."

"Inna, soja ne fa a ƙofa!"

"To riƙe mini turmin, ni in hau."

Ta fara gyara ɗaurin zane da gaske. Kunya ta sa na haye.

Na kwance igiyar, na saka kaza ɗaya a kowace hammata. Ina juyowa sai ga sojan tsaye, ya buɗe ƙofa ya shigo. 

"Kai! Mi kake yi nan?"

Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Shef, ƙishirwa suke ji."

Sai ga kan mahaifiyata ya bayyana a saman katanga. "Ɗana, ni na aiko shi. In kamu ne, ni za ka kama."

Sojan ya dube ta, ya dubi kajin. Ya rataye bindiga, ya durƙusa ya ɗaga ɗaya, ya shafa ƙirjinta da ya zama ƙashi zalla. Ya ce tsohuwarsa can ƙauye wajen Maraɗi tana da irinsu, bana duk sun ƙare. Sannan ya miƙe.

"Inna, an ba ni oda kada komai ya fita ta ƙofar nan." Ya ɗan gyara hula. "Ba wanda ya yi mini maganar katanga."

Shi da kansa ya riƙa miƙa su sama, mahaifiyata tana karɓa tana sa masa albarka. Ni kuwa sai da ya tura ni ta baya kafin na iya hayewa.

Daga nan aiki ya fara. Mahaifiyata ta jiƙa sukari a ruwa, muka riƙa buɗe musu baki muna ɗiga musu da tsinke. Ta shafe su da toka saboda ƙwarƙwata, ta jefa ɓawon maɗaci a ruwan shansu. Matsalar ita ce abinci. A shekarar da mutane ke layin hatsi, wa zai watsa wa kaza gero? Sai na koma sharar ƙasa a inda ake sauke buhuna a Wadata, in zo gida mu sheƙe yashi mu tsince ƙwayar. 'Yan dako har suna suka sa mini, wai tela mai tsintsiya.

Abokina direban taksi ne ya kawo shawarar mu ba su gara. Muka tafi Tondibiya wajen kogi, muka fasa suri, muka cika buhu muka jefa a bayan mota. Ashe buhun a huje yake. Washegari ya zo shago yana susa, ya ce wata hajiya ta sauka tun kafin a kai ta, tana karkaɗe zane tana tsine masa. Na yi dariya har na soke yatsa da allura. Amma kajin! Da suka ga gara suka miƙe da gudu, har da wadda muka fid da rai da ita.

Sannu a hankali gashi ya fito, tukkunsu ya yi ja. Wata hantsi ina shirin fita sai na ji guɗa a tsakar gida. Na fito da takalmi ɗaya. Mahaifiyata ce tsaye, ta ɗaga ƙwai sama, ƙarami, da ɗuminsa.

"Ta yi! Wallahi ta yi!"

Maƙwabta suka shigo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Mahaifiyata ta dafa ƙwan, ta sa gishiri a takarda, ta ce in kai wa sojan. Ya cinye a tsaye yana murmushi.

Bayan watanni aka sako Mushe, ba a same shi da laifi ba. Ya dawo a rame, matarsa ma ta dawo. Da yamma mahaifiyata ta buɗe ƙofarmu, muka koro kajin zuwa gidansu, 'yan tsaki na biye. Matar ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

"Inna, ni na ɗaure akurkin nan da hannuna. Sai da mota ta wuce Doso na tuna."

Ta ɗauki mafi ƙiba ta ba mahaifiyata.

Har yau in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda gidanmu ya cika da murna a shekarar da kowa ke magana ƙasa-ƙasa. Ba mu iya sa ruwan sama ya sauka ba, ba mu iya fito da maƙwabcinmu ba, amma mun samu abu ɗaya da ke hannunmu, muka yi shi. Kazar nan kuwa mahaifiyata ta hana a taɓa ta, ko da salla, ko da baƙi. Tsufa ne ya kashe ta, a inuwa, cikinta cike.