Bari A Je Talla

Yayana shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas ɗin makaranta, ko kaza bai taɓa bugewa ba. Da ya yi ritaya muka ce to, yanzu zai zauna ya san iyalinsa. Zama kam ya zauna. Ya sayo talabijin mai faɗin ƙofa, ya jawo kujera gabanta, yau shekara huɗu ke nan ba abin da ke tayar da shi sai salla da banɗaki. Rimot yana naɗe a leda cikin aljihun gaba, inda yake sa makullin mota a da. Matarsa ce ta sa masa Direban Falo, sunan kuma ya bi shi har bakin titi.

Akwai wani shiri mai dogon zango da ya fi ɗauke masa hankali, labarin wani attajiri da ya watsar da 'yarsa. An wuce kashi na ɗari biyu, har yau uban bai gane ta ba, alhali kullum ita ke kawo masa shayi. Yaya ya san sunan kowa a gidan attajirin nan, har mai ban ruwan fulawa. Amma jikansa ya shigo gaishe shi, sai ka ji, “Kai ɗan wace ce ma?”

Magana ɗaya gare shi: “Bari a je talla.” Famfo ya fashe, bari a je talla. Baƙo ya yi sallama, bari a je talla. Ni ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, na taɓa zuwa masa da ciwon haƙori, kumatu a kumbure. Sai da aka fara tallan sabulu ya ce mini sannu.

Autarsa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Kwanakin baya 'yan talabijin suka je suka yi hira da ita kan aikinta, suka ce za a nuna ranar Alhamis, ƙarfe biyar. Daidai lokacin shirin attajiri, a wata tashar.

Auta ta nemi hutun yini, ta shigo mota, ta zo da katan ɗin lemo. Ta kira ni a waya ta ce, “Gwaggo, ki zo mu kalla tare. So nake Baba ya gani da idonsa.”

Biyar saura muka cika falo. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, mace mai 'ya'ya biyu, sai murmushi take kamar ranar karɓar sakamako.

“Baba, biyar ta yi.”

“Na sani. Yau fa zai gane ta, sun nuna a ƙarshen na jiya. Bari a je talla.”

Na ce, “Yaya, minti goma sha biyar ne kacal. Wannan attajirin naka ko baɗi ba zai gane ta ba.”

“Ke dai ba ki san fim ba,” in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

Auta tana kallon agogon bango, ni ina kallonta, raina yana tafasa. Na so in fizge ledar nan daga hannunsa, amma yaya yaya ne, kuma a gaban 'ya'yansa.

Biyar da kwata aka je talla. Ya danna rimot da ƙasaita, kamar mai raba kyauta. Muka tarar da mai gabatarwa tana godiya ga masu kallo, sunaye suna hawa.

“Ayya, sun yi sauri,” ya ce. “Za su maimaita ai.”

Ya koma tasharsa. Attajiri bai gane 'yarsa ba, ba shakka, amma an sa kiɗa mai taushi, sai ga Yaya yana sharar hawaye da hula. Auta ta miƙa masa hankici, ta kwashe kwalabe, ta ce za ta kama hanya kafin duhu. Wallahi ban taɓa jin kunyar jinina irin ta ranar ba.

Washegari na dawo ɗaukar mayafina da na manta, na same shi a ƙofar gida ya dawo daga salla, mai kantin maƙwabta ya riƙe masa hannu biyu.

“Direba, ka haifi 'ya! Ka ji abin da ta faɗa a kanka? Matata har kuka ta yi.”

“Na ji mana,” in ji Yaya.

Ni na riga na sani, matar mai kantin ta tare ni a hanya. An tambayi Auta wa ya tsaya mata, ta ce babanta. Shekara shida yana zaunar da ita a kujerar bayansa a bas, yana tuƙi yana yi mata tambayoyin jarrabawa, kuma bai taɓa ce mata ya gaji ba.

Yaya ya biyo ni falo, ya rage murya. A talabijin ana maimaita kashin jiya, karo na farko bai ko kalla ba.

“Ke, me ta ce ne?”

Na zauna a kujerarsa, na gyara mayafi, na zuba wa attajiri ido.

Na ce, “Bari a je talla, Yaya.”