Rarar Ruwan Maƙwabci

Shekarar da na gama karatun injiniyan ruwa na dawo gida Bunkure, na kasa zama wuri ɗaya. Aiki bai samu ba, kaina kuma cike da lissafi. Sai na sa ƙaramin kanal ɗinmu a gaba. Gonaki tara yake shayarwa, ta Baba ce ta ƙarshe, kuma tumatirin ranin da yake nomawa a cikinta shi ke riƙe da gidanmu. Kullum rigima ake a kan ruwa. Na ce ni zan kawo ƙarshenta.

Abin da aka koya mana shi ne, babban abu sai an rarraba shi: ka fahimci kowane yanki shi kaɗai, sannan ka harhaɗa. Haka na bi gonakin ɗaya bayan ɗaya da agogo a hannu, ina auna lokacin da kowace take ɗauka kafin ta ƙoshi. Kowace gona da takardarta. Ta Baba ta fi kowace saurin ƙoshi, har na yi ta yabon ƙasarta. Na zuba duka a kwamfuta na fito da jadawali, kowa da lokacinsa, ba ɗigon da zai tafi a banza.

Baba ya jujjuya takardar. "Ka sa rarar ruwa a ciki?"

"Ai ita na zo kashewa, Baba. Asara ce."

Ya miƙo mini takardar. A taron manoman da aka kira kan jadawalin kuwa shi ya fara amincewa, don aikin ɗansa ne.

Sati biyu ba wanda ya yi cacar baki da wani. Na riƙa yawo a bakin kanal kamar ni na haƙa shi. A sati na uku tumatirin Baba ya fara zubar da fure. Na sake lissafi, daidai. Na kuma sakewa, daidai. Na je gona na dawo, na koma, hankalina a tashe.

Dattijon da gonarsa ke sama da tamu ne ya ja ni, ya nuna mini wata 'yar kafa a iyakar gonakin biyu, ta bushe ƙayau. Ashe tun kafin a haife ni, in mutum ya gama ban ruwa ba ya cire tiyo nan take. Yakan ɗan bar shi, rarar ta silala wa na ƙasa da shi. Ba a taɓa zama an tsara haka ba, ba a kuma godiya. Ranar da na auna gonar Baba, a jiƙe na same ta da ruwan mutum takwas, shi ya sa lokacin da na ba ta ya yi kaɗan. Kowace takarda gaskiya ta faɗa, abin da ke gudana tsakanin gonakin ne ban auna ba.

Aka koma tsohon tsari, amma fure ya riga ya zube. Da mutane suka zo jaje, ina tsaye a gefe, wani baƙo ya tambayi abin da ya sami gonar. Baba bai ko dube ni ba.

"Tsutsa ce," in ji shi. "Bana ta yi yawa."

Maƙwabtanmu duk sun san ba tsutsa ba ce. Suka ce Allah ya mayar da alheri.